Nomau Sarkin Sanyi da Ruwan Minti Goma Sha Uku

Nomau Barnaba mutumin Tsibiri ne, kusa da Maraɗi. Ya iso Arlit ranar Talata, 9 ga Fabrairu 1971, a bayan kamyon siminti, wato babbar motar kaya, bayan kwana shida a hanya daga Tawa. Na san ranar domin ni na buɗe masa takarda a buro, wato ofishin ma'aikata na kamfanin haƙar uraniyom, inda nake aikin magatakarda. Da na tambaye shi sana'arsa, ya ce noma. Da na tambaye shi abin da ya iya, ya ce karatu da rubutu da waƙa. Anasaran da ke ɗaukar ma'aikata bai damu da waƙar ba, amma karatun ya yi masa, domin a lokacin ana neman wanda zai iya karanta abin da ke rubuce a jikin kwali. Haka aka danƙa wa Nomau makullin ɗakin sanyi na kantin kamfani, inda ake ajiye nama da kifi da man shanu.

Wanda bai zauna Arlit ba ba zai gane girman wannan makulli ba. A watan Mayu in ka manta cokali a rana, sai da tsumma za ka ɗauke shi. Garin ya cika da masu fasa dutse, da magina, da direbobi, da 'yan tireda daga Katsina da Sakkwato da Damagaram, kowa gumi na bin bayansa. A cikin wannan taro duka, mutum ɗaya tak kamfani ya ba manto, wato rigar sanyi mai gashi a wuya, da safar hannu. Da tsakar rana Nomau yakan fito bakin ƙofa cikin mantonsa, yana murza hannuwa, ya dubi masu sauke kaya ya ce, "Kai, yau akwai sanyi." Ba wanda ya taɓa dukansa, kuma har yau ina ɗaukar wannan a matsayin shaidar haƙurin mutanen Arlit. Suka dai sa masa suna Sarkin Sanyi, shi kuwa ya amsa da murna.

Aikin ya zo da gida a unguwar ma'aikata, mai famfo da wuta, da na'urar sanyaya ɗaki a falo, wadda muke kira kilim. A shekara ta biyu ya ɗauko matarsa Rifkatu da 'ya'yansu. A wannan falo ne mu masu bi na Hausa muka fara sujadar Lahadi. Ba mu da fasto, ba mu da majami'a. Dattijonmu Baba Gayus ne, tsohon magini daga Dogon Dutsi. Ni aka ba kaye, wato littafin rubuta abin da aka tattauna. Wa'azi kuwa yawanci Nomau ke yi, saboda yana da murya, yana da karatu, kuma falonsa ne. Zan faɗi gaskiya: ba mu taɓa ƙorafin tsawon wa'azinsa ba. Mutum na iya sauraron abu mai yawa in iska mai sanyi na kaɗa masa ƙeya.

Abu ɗaya ne Nomau ba ya so a duniya, shi ne rami. Yana ɗan shekara tara aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi rijiyar unguwarsu ya ɗauko guga. Yana can ƙasa sai gardama ta kaure tsakanin masu riƙe da igiyar a kan wata akuya da ta shiga gonar wani. Suka ɗaure igiyar a gungume suka tafi ganin ɓarna. Sai kusan azahar wata mata ta zo ɗibar ruwa ta ji rijiya na kuka. Tun daga ranar, in ji Rifkatu, ko randa zai leƙa sai ya dafa bango.

A 1978 aka fara fitar da dutsen uraniyom daga ramin Akokan, 'yan kilomita kaɗan daga Arlit. Namu na Arlit a fili ake haƙa shi, sama na kallonka. Na Akokan kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, zurfin mita ɗari biyu da hamsin, mota ke sauka da mutane ta wata hanya mai gangara. Kamfanin can daban ne da namu. Mutum bakwai daga cikin masu zuwa sujadarmu suka sami aiki a ƙasa, cikinsu har da Iliya, ƙanin Rifkatu, magidanci ɗan shekara ashirin da tara. Tsakaninsa da Nomau akwai wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa, sun kuma riƙe shi da gaske. Nomau na kiransa Gafiya. Shi kuma yana kiran Nomau Ranka-ya-daɗe Sarkin Sanyi, har da durƙuso.

Rami ba ya sanin Lahadi. Ana aiki ne kashi-kashi, wasu na fitowa wasu na shiga, ranar hutun kowa tana yawo cikin mako. Sai bakwai ɗin nan suka fara ɓacewa daga falon. Kayena ya nuna cewa a watan Janairu 1979 mutum biyu cikinsu suka zo sau ɗaya. A Fabrairu ba wanda ya zo.

Ranar Lahadi, 4 ga Maris, Iliya ya zo. Daga aiki ya wuto kai tsaye, takalmansa ma bai canza ba. Ya zauna a lungu, sanyi ya ratsa shi, kafin a gama waƙa ta biyu ya yi barci. Nomau ya gan shi. Ya ajiye wa'azin da ya shirya, ya kama wani sabo a kan ragwanci. Ya ce akwai masu bi da suka fi son tabarma da Ubangiji. Ya ce bangaskiyar da ba ta iya tashi daga inda ta sami daɗi ba bangaskiya ba ce, kwanciya ce. Ya ce mai bi na gaske, in aka kira shi, ko ina ne yana zuwa, ba ya duban abin da zai bari. Minti hamsin da biyar ya yi. Muka yi ta cewa Amin.

Da aka zo lokacin sanarwa, Iliya ya miƙe. Ashe tun tsakiyar wa'azin ya farka.

Ya ce, "Baba Gayus, ina da magana. Mijin Yaya ya yi gaskiya, mun yi sanyi. Ko da yake ba mu kai shi ba."

Aka yi dariya. Nomau ma ya yi, amma kaɗan.

Iliya ya ce, "A ƙasa ana ba mu hutun minti ashirin. Abokan aikinmu Musulmi sukan shimfiɗa kwali su ja sahu su yi sallarsu. Mu kuwa sai mu zauna muna kallon juna. Ba mai karatun kirki a cikinmu, ba wanda ya san yadda ake buɗe addu'a ya rufe ta. Ranar Lahadi ma haka muke zama, mu ci gurasa, mu tashi. To ga shi ana neman mai kula da magaza, wato ɗakin ajiyar kayan aiki, a can ƙasa, wanda ya iya karanta abin da ke jikin kwali. Wata uku ke nan ba a samu ba. Masu karatu ba sa son rami." Ya juya ya durƙusa gaban Nomau. "Ranka ya daɗe, tunda mai bi na gaske ba ya duban abin da zai bari."

Kowa ya san abin da maganar ke nufi. In Nomau ya tafi Akokan zai ajiye makulli, ya ajiye manto, ya fita daga gidan, ya kuma riƙa shiga rami kullum da ƙafarsa.

Nomau ya gyara murya. Ya ce kira ba abin wasa ba ne. Ya ce ba kowace murya ce muryar Allah ba, wani lokaci muryar ƙanin mata ce kawai. Ya ce dole a nemi alama. Sannan ya faɗi maganar da na rubuta kalma bayan kalma, na kuma karanta masa ya amince: "Ranar da Allah ya yi ruwa a Arlit, zan san shi ya kira ni. Zan ajiye makulli in sauka rami."

Rifkatu, wadda ke zaune bakin ƙofar kicin, ta ce, "Maigida, ba ka ce ƙanƙara ba?"

Dalilin tambayarta shi ne shekara biyu da rabi ke nan ba mu ga ɗigo ɗaya a unguwarmu ba. Hadari yakan haɗu can kan duwatsun Azbin, ya yi baƙi, ya yi walƙiya, sannan ya watse kamar ya tuna wani uzuri. Nomau ya san wannan sarai.

Sai dai akwai abin da bai lissafa ba. Mu duka 'ya'yan manoma ne, kuma al'adarmu ce daga watan Yuni mu riƙa roƙon ruwa kowace Lahadi saboda gonakin gida. Wanda ya yi wa'azi shi ke jan addu'ar. A shekarun baya Nomau yakan ce, "Ya Uba, ka shayar da ƙasarmu duka," a wuce wurin. A wannan shekara sai ya koma yi da sunaye. Ya Uba, ka yi ruwa a Tsibiri. Ka yi a Maraɗi da Tasawa. Ka yi a Dogon Dutsi, ka yi a Galmi, ka yi a Madawa. Yakan taho arewa a hankali, gari bayan gari, in ya iso Tawa sai ya taka birki ya ce, "cikin sunan Yesu." Duk ranar da Iliya ya samu zuwa, kafin a shafa sai a ji murya daga lungu: "Har Arlit." Mu kuwa ba mu da yadda za mu yi, sai mu ce Amin. Ba a ƙin cewa Amin ga roƙon ruwa.

Ranar Alhamis, 16 ga Agusta, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, aka yi ruwa a Arlit. Ya tsaya ƙarfe huɗu da minti ashirin da uku. Na duba agogo a farko da ƙarshe. Nomau na bakin ƙofar ɗakin sanyi yana karɓar cinyoyin shanu, ɗigon farko a tsakiyar kansa ya sauka. Masu sauke kaya suka ce ya ɗaga kai ya dubi sama kamar wanda aka kira sunansa a gaban alƙali, sannan ya shige ciki ya ja ƙofa.

Kafin rana ta faɗi ya aiko a kira Baba Gayus da ni da wasu magidanta biyu. Muka same shi a tsakar gida, tsaye kan ƙasar da ta riga ta fara bushewa.

Ya ce, "Baba, ku ne manya. Ku duba ku gaya mini. Wanga abu ruwa ne?"

A ƙasarmu ba a auna ruwa da ido, ba a kuma auna shi da ƙarar da ya yi a kan kwano. Manomi yakan fita bayan an ɗauke, ya tona ƙasa da hannu. In laima ta kai wuyan hannu, an yi ruwa, gobe shuka. In ba ta kai ba, yayyafi ne, kuma wanda ya fitar da iri saboda yayyafi za a yi shekara ana ba da labarinsa. Baba Gayus ya naɗe hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, ya tura yatsa. Laimar ta tsaya a gaɓar farko. Ƙarƙashinta rairayi ne busasshe, da zafinsa. Ya gwada a gindin bishiyar bedi, ya gwada a bayan kicin. Duk ɗaya.

Ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce, "Wannan ko kaza ba za ta canza shawara saboda shi ba. Yayyafi ne."

Magidantan biyu suka ce yayyafi ne, ba shakka. Wajibi ne in rubuta a nan cewa duk wanda ya yanke wannan hukunci ya san in Nomau ya bar gidan, sujada za ta koma ƙarƙashin rumfar Baba Gayus a Bukkoki, unguwar da ke bayan shingen kamfani, inda ba famfo ba wuta. Ban ce wannan ya shiga cikin hukuncin ba. Na ce dai kowa ya sani, har da ni.

Rifkatu ta leƙo ta ce, "Ni dai wankina ya jiƙe."

Nomau ya ce, "Wanki dama a jiƙe ake shanya shi."

"Ya bushe tun azahar, maigida."

"To ya sake bushewa. Ina ruwan yake?"

Na ce musu a bayan buronmu akwai mazurarin da kamfani ke auna ruwa da shi, na kuma duba kafin in taho: milimita ɗaya da rabi. Nomau ya ce mazurarin Anasara bai taɓa noma ba. Ya roƙe ni in rubuta hukuncin dattawa kawai. Na ce ba na iya barin lamba a waje. Muka daidaita a kan in rubuta duka biyu, hukuncin a sama, lambar a ƙasa. Haka yake a kaye: "Dattawa sun tona, sun ce ba a yi ruwa ba. An auna milimita ɗaya da rabi."

Nomau ya tsira ke nan, bisa al'ada da bakin dattawa. Kwana biyu ya yi yana shirin Iliya. Na sani domin ranar Asabar ya zo burona ya gwada hujjojinsa a kaina. Yana da guda huɗu. Yana da kuma amsa ga kowace irin tsokana da Gafiya zai iya kawowa, har da wadda zai mayar in an ambaci rijiya.

Ranar Lahadi, 19 ga wata, Iliya ya zo tare da uku daga cikin mutanen rami. Bai durƙusa ba, bai ce Ranka-ya-daɗe ba. Bai yi barci ba kuma. Da aka zo sanarwa ya miƙe, hularsa a hannu.

Ya ce, "Yaya Nomau, mun ji a kasuwa wai an yi ruwa a nan ranar Alhamis. Wasu sun ce an yi, wasu sun ce ba a yi ba. Mu muna ƙasa a lokacin. Da muka fito ba mu ga komai ba, Akokan ma bai samu ba ko kaɗan. Tun watan Maris, duk wanda ya fito daga rami a cikinmu sama yake fara dubawa. Har Musulmin da muke aiki tare sun sani, sukan ce mana, yau ma malaminku bai samu izini ba. To ba mu gani ba, kai ka gani. Abin da ka ce shi ne. An yi ruwa?"

Ba wasa a muryarsa ko kaɗan. Na dubi Nomau na ga yana laluben hujjojinsa huɗu, amma duk an ƙera su ne domin mai tsokana, ba su da wurin kama wanda ya yi tambaya tsakani da Allah. Baba Gayus ya yi tari ya ce, "Ai dattawa sun riga sun duba, yayyafi ne, yana rubuce."

Iliya ya ce, "To, Baba." Ya fara zama.

Nomau ya ce, "An yi."

Baba Gayus ya ce, "Nomau, gaɓar yatsa ɗaya fa."

"A kaina ya zuba, Baba. Ranar da na yi magana ban ce ruwan shuka ba. Wa ke shuka a Arlit? Na zaɓi abin da na tabbata ba zai faru ba, na sa wa Allah a gaba, ya kuwa ɗauka." Ya dubi Iliya, fuskarsa kamar ta wanda ya haɗiye maɗaci. "An yi ruwa, Gafiya. Minti nawa ne, Magatakarda?"

Na ce goma sha uku.

"Minti goma sha uku. Ka je ka gaya musu."

Kada a ɗauka daga nan ya zama jarumi. Yana da sauran fata guda, wato likita. Ba a ɗaukar kowa aikin rami sai an gwada lafiyarsa, shi kuma yana da shekara arba'in da huɗu. Ranar gwajin ya gaya wa likita yana da ciwon baya, da jiri, da wani abu da ke motsi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu in ya ci wake. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya auna jininsa, ya sa shi ya hau benci ya sauka sau talatin. Sannan ya rubuta cewa a wannan wata bai ga mai lafiyarsa ba. Shekara takwas a inuwa kusa da nama ba su tafi a banza ba. Nomau ya kawo mini takardar da kansa, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Har likita an haɗa baki da shi."

Ya miƙa makulli ranar 28 ga Satumba. Mutum goma sha tara suka nemi gurbinsa kafin azahar. Iyalinsa suka koma wani gida mai ɗaki biyu a Akokan, sujada kuma ta koma Bukkoki. A can mutanen da mai gadi ba ya bari su shiga unguwar ma'aikata suka fara zuwa, har rumfar ta yi kaɗan. Wa'azi ya dawo minti goma sha biyar, ko wane ne mai yi. Baba Gayus bai daina cewa yayyafi ne ba har ya bar duniya.

Abin da ya faru a ƙasa ban gani da idona ba. Na rubuta shi ne daga bakin Iliya da na Akoli, wani Buzu mutumin Iferwan da ke tuƙa motar da ke sauka da ma'aikata, na kuma ɗauki abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai.

Ranar Litinin, 1 ga Oktoba, aka ba Nomau hular kwano mai fitila a goshi da bel mai batir. Ya hau bayan mota, aka sa shi a tsakiya. Da motar ta karkata hanci ta nufi bakin ramin, ya runtse ido, ya kama gwiwar na damansa da ta na hagunsa. Na hagun wani Bazabarme ne da bai taɓa ganinsa ba. Ya fara waƙa, amma ba wanda ya gane wace ce, domin baiti ɗaya yake ta maimaitawa kuma ba a kan muryarsa ba. Da suka isa ƙasa kowa ya sauka, shi yana zaune. Akoli ya zagayo ya buga jikin motar da tafin hannu.

Ya ce, "Tsoho, mota ya tsaya. Ka buɗe ido."

Nomau ya ce, "Mun iso?"

"Mun iso. In kana son ƙasa da nan, sai ka haƙa da kanka."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ga hanya ce mai faɗi, da fitilu, da iska na busowa ta wani ƙaton bututu. Ya ce shi ya zaci za a ga sama ƙarama daga nesa, kamar a rijiya. Akoli ya ce a nan ba a ganinta sam. Nomau ya ce bai san ko wannan ya fi ba ko bai fi ba. Ya saki gwiwar Bazabarmen, ya ba shi haƙuri, aka kai shi magaza.

Lahadinsa ta farko a ƙasa ita ce 7 ga Oktoba. Biyar daga cikin bakwai ɗin na aiki a kashinsa. Da aka busa hutu, Musulmi suka ja kwalayensu gefe guda, su kuma suka jera katako biyu a ƙofar magaza suka zauna. Nomau ya shirya wa'azi a kan ƙarfin zuciya, mai kai uku, ya rubuta a takarda. Ya ciro ta, amma hasken fitilar goshinsa ya ƙi tsayawa a kan layi, saboda kan da ke ɗauke da fitilar rawa yake yi. Can nesa aka tashi nakiya, ƙasa ta amsa a ƙarƙashin katakon. Ya ninke takardar ya mayar aljihu.

Ya ce, "'Yan'uwa, ni dai tsoro nake ji."

Suka dubi juna. Wani cikinsu, mai aikin huda dutse, ya ce, "Mu ma, Baba. Mun zaci kai ne za ka hana mu."

Nomau ya ce, "A'a. Sai dai mu gaya wa Mai shi."

Ya yi addu'a. Iliya ya ce ita ce mafi gajarta da ya taɓa ji daga bakinsa, ba sunan gari ko ɗaya a ciki, sai sunayen mutanen da ke zaune da na matansu da 'ya'yansu, har da na Akoli, wanda ke tsaye yana jiran a ba shi man birki. Suka yi waƙa ɗaya a hankali. Sauran minti shida suka ci gurasa.

Shekara goma sha ɗaya da wata huɗu ya yi a wannan magaza. Yakan nemi a sa shi aikin Lahadi, abin da ya sa shugabanninsa suka ɗauka ko bai cika hankali ba, amma ba su hana shi ba, tunda ba mai so. Akoli ya tabbatar mini cewa a duk tsawon shekarun nan bai taɓa sauka da ido a buɗe ba, kuma sababbin ma'aikata sukan koyi kada su zauna kusa da shi in suna son gwiwarsu.

Ya ajiye aiki a ƙarshen Janairu 1991. Kafin ya hau motar Tsibiri ya biyo ta burona yin sallama. Na ce ina so in rufe shafinsa, saura tambaya ɗaya: a wace shekara tsoron ya bar shi, in rubuta.

Ya ce, "Bar wurin a fili, Magatakarda. Bai bar ni ba. Tare muke sauka, tare muke fitowa. Jiya ma da na miƙa fitila sai da na ce su duba ko shi ma tsoron yana da tasa."

Na bar wurin a fili.